Aiki Ya Tafi, Kuɗi Shiru: Mai Fassara da Kamfanonin Dillanci

Shirin faɗakarwa na wannan mako ya leƙa wata sana'a ce da ba ta da rumfa a Kurmi, ba ta da shago a Kantin Kwari, amma tana ɗora tukunya a gidaje da dama cikin birnin Kano. Sana'ar fassara ke nan, irin ta mai zaman kansa, wanda jarinsa kwamfuta ce da waya da harshe biyu ko uku. Yana zaune a soron gidansu a Yakasai ko Mandawari ko Gwammaja, aiki na zuwar masa daga Landan ko Nairobi ko Legas. In aka zauna hira da masu wannan sana'a, ba a nisa za a ji kukan da suka fi yi: an kwana ana aiki, an miƙa a kan lokaci, kamfanin da ya ba da aikin ya yi gum.

A da, mai fassara a ƙasar Hausa ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata. Haka waɗanda suka yi aiki da Dokta Rupert East a Hukumar Fassara ta Zariya suke, haka Abubakar Imam da abokan aikinsa a Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Muryar Jamus a 1963, da na Muryar Amurka a 1979, duk albashi ake biya. Intanet ce ta zo da sabon salo. A ƙarshen 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, Facebook ya biyo baya a 2016. Rikicin arewa maso gabas ya jawo ƙungiyoyin agaji masu buƙatar saƙonni da Hausa da Barbarci, har ƙungiyar Translators without Borders ta kafa aiki a Maiduguri. Annobar korona ta 2020 ta ƙara buɗe kasuwar. Yau ana neman mai fassara takardar shan magani, da tambayoyin masu bincike, da rubutun da ke bi ta ƙasan fim, da dubban jimlolin da ake horar da na'ura da su.

Sai dai mai aikin na asali ba kasafai yake sanin wanda ya yi masa ba. Kamfanin magani a Turai yana son takardarsa cikin harsuna arba'in, sai ya ba wani babban kamfanin fassara kwangila. Shi kuma ba shi da Bahaushe ko ɗaya a ofishinsa, sai ya yanka wa ƙaramin kamfani a Alƙahira ko Nairobi ko Legas kason harsunan Afirka. Ƙaramin ne zai lalubo wani matashi a Soron Ɗinki. Aiki na gangarowa da gudu, domin kowa na tsoron wa'adi. Kuɗi kuwa tafiyar hawainiya yake yi, kowane hannu ya riƙe shi kwana 30 ko 45 ko 60, na ƙarshen layi shi ne mai fassara.

Ba kowane shiru ne abin tayar da hankali ba. Wanda ya aika takardar neman aiki bai ji amsa ba, babu wanda ya ci masa kwabo. Kamfanoni na tara sunaye ne su ajiye sai ranar buƙata, wata shida ma sai a waiwayo shi. Abin lura a nan shi ne gwaji. Bisa al'ada gwajin kyauta bai wuce kalma 200 zuwa 300 ba. Wanda aka turo wa shafi goma da sunan gwaji, aiki aka sa shi ba lada.

Akwai kuma shirun tsakiyar aiki. A ce mai fassara ya tambaya: wannan takarda ta mutanen Kano ce ko ta mutanen Maraɗi? Tambaya ce mai nauyi, domin abin da ake kira makaranta a nan, a can sau da yawa lakwal ne, kuma inda Nijeriya ke rubuta 'ya'ya, Nijar ƴaƴa take rubutawa. Ya jira, ba amsa, wa'adi na ƙaratowa. Abin yi shi ne ya zaɓi ɗaya, ya miƙa aikin a kan lokaci, ya haɗa da ɗan bayani cewa ga tambayar da ya yi ran kaza, ga abin da ya zaɓa da dalilinsa. In ya riƙe aikin yana jiran amsa, ya miƙa musu hujjar da za su zabge masa kuɗi da hannunsa.

Shirun da ke hana barci shi ne na bayan an aika takardar neman biya. Kafin a kai gare shi, yana da kyau a tuna yadda birnin nan ya daɗe da magance irin wannan matsala.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi ke karɓar baƙi waɗanda ba su san kowa ba. Sunayen unguwanni shaida ne: Dandalin Turawa na Larabawan Gadamus da Tarabulus, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa. Baƙo ba ya shiga kasuwa da ka. Wurin fatoma yake sauka, shi zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in an sayar bashi kuma shi ne mai tsayawa. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda wannan tsari ke aiki a cinikin shanu. Mai shanu ya zo daga arewa, mahauta Yarabawa su ɗauka bashi, babu takarda babu kotu. Amma maigidan da baƙon ya sauka a wurinsa shi ke ɗauke da nauyin kuɗin, dillalansa kuma sun san kowane mahauci, sun san mai cika alkawari da mai taurin bashi. Mahaucin da ya ci kuɗin wani, labari zai zaga, a daina ba shi ko ɗan maraƙi. Abu biyu ne suka riƙe cinikin: mai tsayawa, da labarin da ke yawo tsakanin 'yan sana'a.

Mai fassarar yau ya shiga kasuwar duniya ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, sai in ya nema da kansa. Kuma ana iya nema.

Labarin da dillalan Sabo ke riƙewa a ka, yanzu a rubuce yake. Dandalin ProZ.com, wanda aka kafa a 1999, yana da wani allo mai suna Blue Board inda masu fassara ke ba kamfanoni maki daga 1 zuwa 5, gwargwadon yadda suke son sake yi musu aiki. Akwai kuma Payment Practices, wanda tarihin biyan kamfanoni kaɗai ya sa a gaba. Mai wayo ba ya tsayawa a jimillar maki, yana duba na watannin baya-bayan nan, domin kamfanin da ya shekara goma yana biya lafiya yana iya fara tangal-tangal bana. In kamfanin na Nijeriya ne, shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, zai nuna ko yana da rajista. In na Ingila ne, shafin Companies House kyauta ne, ga adireshi, ga sunayen daraktoci, har ma a ga ko ya makara wurin miƙa bayanan kuɗinsa na shekara. Duk wannan bai fi aikin rabin awa ba, kuma shi ne rabin awar da ta fi kowace tsada a sana'ar.

A nan ne kuma ake gane ɗan damfara. Wani yakan ari sunan kamfani na gaskiya, da tambarinsa da komai, amma adireshin imel ɗinsa na Gmail ne, ko kuma an sauya harafi ɗaya a sunan. Farashinsa ya fi na kasuwa daɗi, gaggawarsa ta fi ta kowa. Wanda ya faɗa wannan rami ba shiru aka yi masa ba, babu kowa a can tun farko. Maganin abin shi ne a nemo lambar kamfanin daga shafinsa na ainihi, a tambaya ko sun san da wannan mutum.

Sai batun rubutu, wanda Bakano bai kamata a yi masa dogon wa'azi a kai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san cewa a babin ijara sai an san lada an san wa'adi. Duk da haka sai ka ga malamin makaranta, mai digiri daga Jami'ar Bayero, ya karɓi aikin kalma 10,000 a kan saƙon murya na WhatsApp, wai “ka fara kawai, ba za mu ɓata ba.” Kunya ce ke jawo wannan, da gudun kada a ce ya cika son kuɗi. Amma kawaicin da ke ƙara wa mutum daraja a gaban surukai, a gaban akawun kamfani ba ya sayen komai; shi akawu lamba yake nema. Kowane kamfanin kirki yana fitar da takardar odar aiki mai ɗauke da lamba, da yawan kalmomi, da farashin kowace kalma, da ranar miƙawa, da ranar biya. Babu wannan takarda, babu fara aiki. In aikin babba ne kuma ba a taɓa hulɗa ba, sai a nemi kafin alƙalami, ko a raba aikin kashi-kashi, a biya na farko kafin a miƙa na biyu. A kuma tambayi hanyar biya tun da wuri. An yi shekaru da dama mai asusun PayPal a Nijeriya yana iya aikawa amma ba ya iya karɓa, shi ya sa da yawa suka koma Payoneer ko asusun dala na banki. Wasu kamfanonin kuma ba sa fitar da kuɗi sai ya kai wani adadi, ka ga mai bin dala 40 yana ta fushi alhali ƙa'idar na nan cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu bai karanta ba.

To, an yi duk wannan, ranar biya ta zo ta wuce, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Me ya rage?

Da farko a gane cewa wanda ya ba da aikin ba shi ke biya ba. Jami'in kula da aiki daban, sashen kuɗi daban, kuma jami'an nan ba sa daɗewa a kujera ɗaya. Wanda ake ta aika wa saƙo wataƙila ya bar kamfanin tun watan jiya. Sau da yawa ma takardar neman biyan ce ba ta shiga ba, ko an manta lambar oda, ko an aika ta imel alhali a shafin kamfanin ake lodawa. Saboda haka saƙon farko na tuni ne, gajere, zuwa ga sashen kuɗi, a sa jami'in a kwafi: ga lambar oda, ga ranar da aka miƙa aiki, ga adadin kuɗi, ga ranar da ya kamata a biya, yaushe za a biya? Ba a sa labarin kuɗin makarantar yara ko na haya. Mai roƙo ana ba shi haƙuri ne, mai bin haƙƙi kuwa rana ake ba shi.

Bayan mako guda, in ba amsa, sai waya. Nan ma akwai dabara. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan da na Kano ɗaya ne, sauran watanni Kano na gaba da awa guda. New York na baya da awa biyar ko shida, Indiya na gaba da awa huɗu da rabi. Wanda ya kira Indiya bayan sallar la'asar, ofis ya riga ya tashi. Watan Agusta rabin Turai na hutu, haka ƙarshen Disamba. Duk wanda aka samu a waya, a rubuta sunansa da abin da ya ce, a bi shi da imel mai tabbatar da maganar.

Akwai wani dalilin shiru da ya keɓanta da harsuna irin Hausa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A yawancin waɗannan kamfanoni babu mai iya karanta abin da aka miƙa musu. Sai su ba wani Bahaushen ya duba. In aka yi rashin sa'a mai dubawar na neman a riƙa ba shi aikin ne, ko kuwa shi Basakkwace ne yana auna Kananci da ma'auninsa, sai ya cika takarda da jan alƙalami. Wani lokaci ma laifin na'ura ne: ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama akwatuna ko alamar tambaya saboda an buɗe aikin da rubutun da bai san su ba. Jami'i ya ga ja ko'ina, ya dakatar da biya, ya kuma rasa abin da zai ce, sai ya yi shiru. Mai fassarar da ya san wannan yakan tambaya kai tsaye ko akwai ƙorafi a kan aikin. In akwai, ya nemi a turo masa gyare-gyaren, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ware kuskure na gaskiya daga bambancin karin harshe, ya kafa hujja da abin da ba a musu da shi, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Kuskuren da yake nasa ya amsa, ya gyara. Tun farko ma, miƙa aiki tare da kwafin PDF yana toshe rigimar haruffa masu lanƙwasa.

In an kai wata guda ana kunnen uwar shegu, lokacin takardar gargaɗi ya yi: a ba da wa'adi, kwana 7 ko 14, a faɗi matakin da zai biyo baya. A nan sanin dokar ƙasar kamfanin na da amfani, tunda galibi ita yarjejeniya ke ambata. A Ingila dokar jinkirin biyan bashin kasuwanci ta 1998 ta ba mai bin bashi damar ƙara ruwan kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aunin ruwa na Babban Bankin Ingila, da diyyar fam 40 in bashin bai kai fam 1,000 ba, fam 70 in bai kai 10,000 ba, fam 100 daga nan zuwa sama. Tarayyar Turai ta yi irin wannan a 2011, da diyyar akalla yuro 40. Birnin New York ma yana da tasa dokar kare masu zaman kansu, wadda ta fara aiki a 2017. Musulmi da yawa za su ce ruwan bashi ba nasu ba ne, kuma wannan magana ce ta mutum da malaminsa. Amma ba sai an karɓa ba. Ambaton dokar kawai yana nuna wa sashen kuɗi cewa wanda ke can ƙarshen layi ya san inda ƙofa take.

In kamfanin na gida ne, hanya ta fi sauƙi, jinkirin kuma ya fi ciwo. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, wato mai bin naira yana asara kowane wata ko da za a biya shi cif. Mai bin dala ne ya ga akasin haka, lokacin da canjin hukuma ya tashi daga wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ya haura 1,400 a Fabrairun 2024. A 2019 Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka, waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60, kan kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin buɗewar, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, don haka imel da saƙonnin waya ba abin gogewa ba ne. In kuma mai kamfanin ɗan gari ne, kafin kotu akwai sulhu, ta hannun mai unguwa ko wani babba da yake jin nauyinsa. Wannan hanya har gobe tana aiki cikin ganuwa.

Fallasa fa? Rubuta gaskiyar abin da ya faru a allon da 'yan sana'a ke dubawa haƙƙi ne, taimako ne kuma ga na baya. Kamfanoni na tsoron maki 1 fiye da wasiƙa goma, kuma sau da yawa sanar da su cewa za a rubuta ya isa kuɗi ya fito. Sai dai a tsaya kan abin da ake da takardarsa: ranar aiki, adadi, ranar biya, yawan tunin da aka yi. Hawa Facebook a kira mutum ɓarawo wani abu ne daban. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code ta arewa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, kada mai bin bashi ya wayi gari shi ne a gaban alƙali.

Akwai shirun da ba tuni ko gargaɗin da zai karya shi. A Maris na 2017 kamfanin Pearl Linguistics na Landan, wanda ke samar wa asibitocin gwamnatin Ingila tafintoci, ya durƙushe, ya bar masu fassara da tafintoci da dama da kuɗinsu a ciki. In kamfani ya karye, masu zaman kansu na sahun baya wurin rabon abin da ya saura, bayan masu jingina da ma'aikata. Alamun kan bayyana tun kafin faɗuwar: biyan kwana 30 ya koma 60, uzuri ya yawaita, ga kuma sabon aiki ana ta turowa da fara'a. Nan ne tarkon yake, domin mai fassara na ganin in ya ƙi sabon aikin tsohon kuɗinsa ya tafi, sai ya yi ta ƙara zuba gumi a wuri guda. Ƙwararru kan yanka wa kowane kamfani iyaka, in bashinsa ya kai adadi kaza, ko takarda ɗaya ta wuce wa'adi, alƙalami ya tsaya sai an biya. Sukan kuma guji barin kamfani ɗaya ya zama shi ne rabin abincinsu.

Wannan iyaka ta fi sauƙin riƙewa in ba mutum ɗaya ke riƙe da ita ba. Masu fassarar Hausa da kamfanonin waje ke nema ba su da yawa, galibinsu sun san juna, wasu ajinsu ɗaya a jami'a. Kamfanin da ya ci kuɗin na Yakasai, gobe na Gwale zai nema, jibi na Zariya ko Damagaram. Akwai Cibiyar Masu Fassara da Tafintoci ta Nijeriya, NITI, ga kuma zaurukan WhatsApp na 'yan sana'a, inda tambaya ɗaya, “wa ya taɓa yi wa waɗannan aiki?”, kan samu amsa kafin a idar da sallar isha'i.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, shirin zai duba yadda ake yanka farashin kalma, da abin da ya kamata a caja in aikin gyaran fassarar na'ura ne.